Jirgin Mu'awiya Mara Wutsiya

Akwai wani injiniya ɗan Kano a Dubai, sunansa Mu'awiya. Allah ya ba shi ƙwaƙwalwa, shi kuma ya ƙara da girman kai. Shekara uku yana ƙera wa wani kamfani ƙaramin jirgin gwaji mara matuƙi, ba wutsiya, fiffike ne zalla. Irin wannan jirgi, da nauyinsa ya ɗan rinjaya baya, shi ke nan sai ƙasa.

A ƙarƙashinsa akwai Malam Labaran, dattijon da ke haɗa sassan jirgin. Ba shi da digiri. Al'adarsa kafin kowane gwaji, sai ya ɗora jirgin a kan yatsunsa biyu ya ji inda nauyi ya karkata. Wannan abu yana ba Mu'awiya kunya a gaban Larabawa da Turawa.

Ranar babban gwaji a cikin sahara, manyan kamfanin suka zo. Tashin nan guda ɗaya ne zai sa a ci gaba da aikin ko a rufe shi. Da safe aka ƙara wa jirgin kyamara ta baya. Labaran yana ɗauko shi ya tsaya cak.

"Injiniya, bayan nan ya yi nauyi. Ba ni minti biyar in matsar da batirin gaba."

"Kwamfuta ta gama lissafi, Malam. Nan ba kasuwar Dawanau ba ce da za ka riƙa awo da hannu. Khalas, an gama magana! Yalla, mu je!"

Mu'awiya ya manta cewa kafin a sa kyamarar aka yi lissafin.

Jirgin ya tashi, ya ɗaga hanci sama, ya juya sau biyu, ya dawo ya tarwatse a cikin yashi.

Aka rufe aikin. Da aka tambayi Mu'awiya wa ya haɗa jirgin, ya ba da sunan Labaran, bai ƙara komai ba. Abin takaici, mai digiri aka mayar wani sashe, dattijon kuwa aka soke masa biza.

Sati biyu Mu'awiya yana fama da zuciyarsa kafin ya je unguwar Hor Al Anz, inda Labaran yake zaune, neman gafara. Ɗalhatu, abokin zaman Labaran, ya buɗe ƙofa.

"Ai jiya ya koma gida. Kai ne injiniyan? Ya bar maka saƙo. Ya ce ka kwantar da hankalinka, bai gaya wa kowa cewa ya gargaɗe ka ba."

Wallahi da zagi aka bar masa, da ya fi masa sauƙi.

Darasi: Kada takardarka ta hana ka sauraron na ƙasa da kai, kuma idan ka yi kuskure, kada ka bar mara gata ya ɗauki laifinka. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani ya gyara tun bai makara ba.