Muryar Kububuwa

An taɓa yin wani mutum, ya 'yan uwa, wanda Allah ya hore wa murya. Murya ce mai kauri, wadda in ya ce "a miƙo min ruwa" sai ka ji kamar hukunci aka yanke maka. Sana'arsa ɗora murya a kan finafinan waje masu dogon zango, waɗanda ake juyawa zuwa Hausa a nuna a talabijin. Kun san su sarai. Kada wani ya sunkuyar min da kai, ina ganin masu gaggauta sallame salla don kar shiri ya wuce su.

Tare da ƙanensa suke aikin, uwa ɗaya uba ɗaya. Shirin da ya fito da su labarin gungu biyu ne na dillalan ƙwaya, masu kashe juna a kan wata tashar jiragen ruwa. Yayan ne muryar shugaban gungu ɗaya, wanda aka laƙaba wa Kububuwa. Ƙanen kuma shi ne muryar abokin gabarsa, Gizago. A cikin shiri ba sa ga maciji, a waje kuwa babur ɗaya suke hawa su tafi aiki.

Ɗakin ɗaukar muryar ɗan tsukuku ne, an manna soso a bango, makirufo ɗaya, kujera ɗaya. Saboda haka ba a shiga tare. Ƙanen yakan shiga da safe ya karanta nasa, yayan ya shiga da rana, daga baya mai haɗa sauti ya ɗinke su har ka rantse gaba da gaba suke. Ku riƙe wannan, don ta nan Shaiɗan ya sami ƙofa.

Mahaifiyarsu ta tsufa, idonta ya yi rauni. Ba ta ganin hoton, ba ta kuma damu da wa ya harbi wa ba. Takan sa a kunna mata talabijin don kawai ta ji 'ya'yanta. "Ga Babba nan," in ji ta, tana murmushi. "Ga kuma Autana."

To, sai masu kallo suka fi karkata ga Gizago. Ƙanen yana da wata 'yar dariya da yakan yi kafin ya yi magana, har ta zama abin kwaikwayo a titi. Wata rana a shagon aski wani ya ce a gaban yayan, "Ai shirin na Gizago ne, Kububuwa rakiya ya yo." Aka yi dariya, shi ma ya yi, amma maganar ta tsaya masa a rai. Ƙanen da ya goya a baya, wanda shi ya kawo shi aikin, shi ne yau ake fifitawa a kansa? Wallahi ya ji zafi, kuma bai nemi tsari ba.

Akwai wani sirri a hannunsa. Ƙanen ya daɗe da aure, Allah bai ba su haihuwa ba. Ya je wurin likita a ɓoye, aka ce matsalar daga gare shi take. Ban da matarsa, wadda ke da shagon ɗinki, yayansa kaɗai ya gaya wa. A kan babur ma ya gaya masa, yana zaune a bayansa, saboda ba zai iya faɗa yana kallon idonsa ba.

Aka zo wurin da shugabannin biyu suka zauna a tebur ɗaya. A rubuce, Kububuwa zai ce mutanensa sun fi yawa a tashar, Gizago ya yi dariya ya ce, "Haka ne, ban musa ba." Ƙanen ya riga ya ɗauki nasa tun da safe ya tafi. Yayan ya zauna, ya sa abin ji a kunne, ya ji dariyar nan da gari ke so. Sai ya kife takardar, ya matso da bakinsa, ya ce:

"Kai da likita ya ce ba za ka taɓa ganin ɗanka ba, kai ne za ka gaje gari? Je ka tambayi matarka mai ɗinki."

Mai haɗa sauti ya ɗago kai. "Yallaɓai, wannan ba ya cikin takarda."

"Wa yake jin yaren masu fim ɗin? Haɗa kawai."

Ya haɗa. Ranar da aka nuna shirin, duk gari ya ji Kububuwa ya faɗi haka, kuma duk gari ya ji muryar ƙanen tana dariya tana cewa, "Haka ne, ban musa ba." Gizago na cikin shiri ko aure bai yi ba, saboda haka babu wanda ya yi dogon tunani kafin ya gane wa ake nufi. Matar ƙanen tana shagonta, tana gwada wa wata riga, talabijin a kunne, shago cike da mata. Duk suka juyo suna kallonta.

Ƙanen ya zo ya sami yayan a ƙofar gida. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Yaya, ni?"

"Shiri ne," in ji yayan. "In ba ka iya wasa ba, ka bar sana'ar."

Ya kuwa bar ta. Ya kwashe matarsa da keken ɗinkinta suka bar garin.

Tsohuwa ta aika aka kira Babba. Ta ce, "Ka bi ɗan'uwanka ka ba shi haƙuri."

Ya tsaya ƙiƙam a kanta, ko durƙusawa bai yi ba. "Mama, ba ni na faɗa ba, Kububuwa ne. Kububuwa kuwa ba ya ba da haƙuri."

"Ni ban haifi Kububuwa ba," in ji ta. "Fita ka ba ni wuri. Ran da ɗana ya dawo, ya zo ya gaishe ni."

Kuna tsammanin jikinsa ya yi sanyi? Ina! Ya fita yana huci, yana cewa dama can Auta ta fi so. Ya rantse ba zai sake taka gidan ba sai ta neme shi. Ya sayi baƙin tabarau irin na Kububuwa, ya koyi tafiyarsa, ya daina magana da muryarsa ta gida. Ko kuɗin mota zai tambaya, da muryar mugun nan yake tambaya, har ta zauna masa a maƙogwaro ta ƙi tashi.

Ana nan sai masu shirin, can a ƙasarsu, suka ga dama suka kashe Kububuwa. Ba su san da zamansa ba, balle su nemi izininsa. Harsashi ɗaya, aikinsa ya ƙare. Aka gwada shi a muryar wani likita mai tausayi, masu kallo suka yi ta dariya suna cewa Kububuwa ya tuba ya sa farar riga. Aka gwada shi a muryar uba, aka ce yara na tsorata. Aka sallame shi. Abokan da ke tafa masa suka watse, don kowa ya ga abin da ya yi da sirrin ɗan uwansa, wa zai ba shi nasa? Duk da haka yana yawo da tabarau yana cewa shi bai yi wa kowa laifi ba.

Sai ciwo ya kwantar da tsohuwa. Aka aika masa, ya ce ita ta aiko ko ku? Aka sake aikawa, ya ce yana nan tafe. Sai da aka ce masa ta daina cin abinci sannan ya zo. Ya tarar da ƙanensa zaune a bakin gado, riƙe da hannunta. Ya ga yadda ta rame. Ya durƙusa, ya buɗe baki da niyyar ya ce ta yafe masa. Ya ce, "Mama. Mama, ni ne."

Tsohuwa ta yamutsa fuska, ta juya kai wajen bango. Ta ce, "Auta, kashe talabijin ɗin nan. Ba na son jin mutumin nan."

Ya sake kira, ya yi ƙoƙarin sassauta murya, ya nemi tasa ta dā ya rasa. Ba ta ƙara magana ba har Allah ya karɓi abarsa.

Ya 'yan uwa, wanda zai ji haushina ya ji, sai na faɗa. Ba talabijin ce ta halaka mutumin nan ba, hassada ce da girman kai. An ba shi amana ya tona, an ce ya ba da haƙuri ya ga ya fi ƙarfin haka. Mugun da kuke tafa wa a allo, in an kashe shi yakan tashi ya wanke fuska ya koma gidansa. Kai da ka kwaikwaye shi a kan ƙanenka, ina za ka koma? Duk wanda ya san akwai ɗan uwan da ke jiran haƙurinsa, ya tashi daga nan ya nufi ƙofarsa, tun akwai kunnen da zai gane shi.

Ya Allah, ka rufa mana asiri, ka sa mu rufa na 'yan uwanmu. Ka tsare harsunanmu, ka sa mu rabu da iyayenmu suna masu yarda da mu. Allah ya kiyashe mu da irin wannan ƙarshe. Amin.