Direban Yashi a Cikin Dusar Ƙanƙara

Akwai wani matashi ɗan Kano mai suna Halliru da yake aikin tuƙi a Dubai. Aikinsa shi ne kwasar Turawa 'yan yawon buɗe ido a Land Cruiser, ya shiga da su sahara, ya yi ta hawa da gangara a kan tudun yashi suna ihu suna ɗaukar hoto.

A tuƙin yashi kam ba a ja da shi. Ƙa'idarsa biyu ce, kuma duk wanda ya taɓa zama da shi a wurin mai shayin unguwar Ras Al Khor ya haddace su: ka rage wa taya iska, sannan in ka fara hawa kada ka ɗaga ƙafa daga totur. Wanda ya tsaya ya nutse.

Matsalar Halliru zuciya. Ya taɓa fasa wa wani makanike baki da sifana don kawai ya ajiye mota a ƙofar garejin da zai fita. A wurinsa tare hanya raini ne, raini kuwa ba shi da magani sai hannu.

Wanda ya kawo shi Dubai kawunsa ne, Yacouba, yayan mahaifiyarsa, mutumin Maradi mai shagon darduma a unguwar Al Ras. Shi ne kullum mai zuwa ba da haƙuri.

A sanyin farkon shekarar 2008, Kawu Yacouba ya tashi zuwa Iran saro darduma. Ya sa motarsa a-kori-kura a jirgin ruwa, ya ɗauki Halliru ya tuƙa shi. Suka je har Isfahan, suka yi lodi, suka juyo za su koma tashar jirgi, daga nan sai gida Dubai.

Halliru sauri yake yi. Jirgin ba kullum yake tashi ba, shi kuma ya gaji da garin da ba ya jin yarensu, ya gaji da sanyi.

Da hantsi suka fara shiga duwatsu, sai sama ta yi fari. Wani abu kamar auduga ya fara sauka a gilashi.

"Kawu, wannan ce dusar ƙanƙarar? Ai yashi ne, fari kawai aka yi shi."

"Yashin gidanku," in ji Kawu, yana ƙara naɗe wuyansa da rawani. "Bakano bai san abu ba, amma sai ya ba shi suna. Doucement, a hankali, ɗan nan."

A gindin hawan suka tarar da 'yan sanda suna tsayar da motoci. Ba mai wucewa sai da sarƙa a taya. Wasu mutane a bakin hanya suna sayarwa suna ɗaurawa. Kawu ya saya, aka ɗaura musu a tayoyin baya biyu, aka ja ta ɗame tsam.

Suna yin gaba kaɗan, inda 'yan sanda ba sa ganinsu, Halliru ya faka ya fita. Kawu ya ji tsiiii.

"Mi kake yi?"

"Iska nake ragewa. Mota ba ta hawa abu mai laushi da taya a cike."

"Mutanen garin da suka ɗaura ba su rage ba."

"Kawu, kai darduma ka sani. Mota ka bar mini."

Ya rage wa duk huɗun. Abin da bai lura ba shi ne, a kan cikakkiyar taya aka ɗaure sarƙar. Da tayar ta saki, sarƙa ta yi sako-sako.

Suka kama hawa. Iska ta taso da ƙarfi, dusar tana dukan gilashi ta gefe, waifa ta kasa. Ba ka ganin komai sai jar fitilar motar gabanka. Kowa yana tafiya kamar mai rakiyar gawa, Halliru kuwa ya danna totur yana wuce su ɗaya bayan ɗaya yana hon.

Can sai ƙara, kaf-kaf-kaf, kamar ana dukan motar da guduma. Sarƙar hagu ta kwance ta yi waje. Halliru ya fita yana zagi, ya tsinto ta cikin dusa, ya ga yatsunsa sun ƙage ba zai iya mayar da ita ba. Ya jefa ta ƙarƙashin ƙafarsa ya ja mota.

"Mu tsaya a ɗaura ta," in ji Kawu.

"Ɗaya ta isa. In na sake tsayawa a hawan nan, mun kwana."

Suna gab da ƙarshen hawan sai ga tirela a gicciye, ta tare hanya baki ɗaya. Wani dattijo mai farin gashin baki da hular ulu yana tsaye a gabanta, yana ɗaga hannu biyu sama yana giciye su, yana ihu da yarensu.

Dole Halliru ya taka birki. Motar ta tsaya, ta ɗan zame baya.

"Ka gani ko? Ka ga abin da tsohon nan ya ja mini?" Ya sauke gilashi. "Yalla! Yalla, matsa!"

Dattijon ya zo har jikin motar. Yana nuna bayan tudun, yana shafa tafin hannu ɗaya a kan ɗaya yana zamar da shi. Da ya ga Halliru yana ƙoƙarin saka giya, sai ya buga bonet da tafin hannu, ya miƙo hannu ta taga wajen makulli.

Jama'a, nan fa shaiɗan ya samu wurin zama.

Halliru ya banko ƙofa ta bugi dattijon a ƙirji. Ya sunkuya ya ɗauko sarƙar nan, ya ninka ta biyu.

"Halliru! Kai, Halliru! A'uzu billahi, aje ta!"

Bai ji ba. Ya zabga wa dattijon a kafaɗa. Dattijon ya kare da hannu, Halliru ya ƙara masa a hannun. Ta ukun a fuska ta same shi, ƙugiyar sarƙar ta tsaga shi daga gira har kunci. Ya faɗi a kan gwiwa, jini yana zuba a farar dusa yana huda ta.

Kawu ya fito da gudu ya riƙe Halliru ta baya. Halliru ya fizge, ya hankaɗa shi. Mutumin da ya yi masa biza, ya ciyar da shi, ya faɗi warwas a ƙasa, rawaninsa ya yi gefe.

Kawu ya rarrafa wurin dattijon, ya danna masa rawanin a fuska, ya ɗago ya dubi Halliru. "Sa'an ubanka ne wanga! Mi ya yi maka?"

Daga ƙasa aka fara jin buɗe ƙofofi. Direbobin da Halliru ya wuce ɗazu sun iso, sun ga abin da ya faru, suna tahowa.

Halliru ya cafki kawunsa a wuyan riga, ya ja shi kamar buhu ya tura cikin mota. Akwai ɗan fili tsakanin hancin tirelar da dutse. Ya danna totur, ya kutsa, madubi ya karye, gefen mota ya goge dutse, ya wuce.

"Khalas, shi ke nan," ya ce yana haki. "Ga hanya nan fes. Dama mugunta ce."

 Hannun Kawu duk jinin dattijon ne, yana kallonsa.

Hanyar kuwa fes take, don babu dusa a kanta. Iska ta share ta, ta bar ƙanƙara zalla, sumul kamar gilashi, a kan gangara mai lanƙwasa. Abin da dattijon ya gani ke nan ya gicciye motarsa, don kada wani ya sauka kafin a zo a zuba gishiri.

Halliru ya ji sitiyari ya yi sakayau a hannunsa. A yashi, in mota ta fara zamewa wuta ake ƙara mata. Ƙafarsa ta yi abin da ta saba.

Tayar da ke da sarƙa ta kama ƙasa, marar sarƙa ta yi ta juyawa a banza. Motar ta juya kamar an murɗa ta, ta daki ƙarfen gefen hanya, ta tsallake shi.

Ta wuntsila sau biyu. Gilashi ya tarwatse, dardumomi suka watse a gangaren. Ta tsaya a kan gefenta, jikin wani dutse.

Halliru ya fito ta tagar sama, goshinsa a fashe. Kawu kuwa rabin jikinsa yana waje, ƙafarsa ta dama tana ƙarƙashin motar. Dusar da ke wurin ta riga ta zama ja.

"Kawu! Kawu, yi magana!"

"Ƙafata," in ji Kawu a hankali. "Ɗaga ta, ɗan nan."

Halliru ya sa kafaɗa. Ya yi nishi, ya yi ihu, ya daki motar da hannu har fatar yatsunsa ta saɓule. Ko motsi ba ta yi ba. Ƙarfin da yake taƙama da shi a Ras Al Khor bai ɗaga ta ko kamu ɗaya ba. Leɓɓan Kawu suka fara yin fari, ya fara kalmar shahada.

Sai ga mutane suna gangarowa, direbobin nan ne, wasu da ƙarfen kwance taya a hannu. Ba su tsaya tambaya ba. Na farko ya sauke wa Halliru ƙarfe a haƙarƙari, na biyu ya shure shi a baki. Suka rufe shi da duka. Bai rama ba, yana ta nuna motar yana cewa, "Kawuna! Ku kashe ni, amma kawuna!"

Wata tsawa ta zo daga sama. Dattijon ne a bakin hanya, fuskarsa ɗaure da rawanin Kawu, ido ɗaya a waje. Ya yi musu magana kaɗan mai kaushi. Suka bar Halliru.

Abin da ya biyo baya, Halliru yana kwance yake kallonsa. Dattijon ya hau tirelarsa, ya sauko da ita kan ƙanƙarar da ya hana kowa taka, taku-taku, sarƙoƙinta suna cizon ƙasa, mutane suna watsa tsakuwa a gaban tayoyin. Kuskure kaɗan, shi ma ya bi su ramin. Ya tsaya daidai saitinsu, aka jefo igiyar ƙarfe, aka ɗaura a motar.

Ya ja a hankali. Motar ta yi ƙara, ta ɗaga. Aka zaro Kawu.

Dattijon ya kwance bel ɗinsa ya ɗaure cinyar tam, aka naɗe Kawu a cikin ɗaya daga dardumominsa, aka hau da shi gaban tirela. Dattijon ya nuna Halliru, ya nuna ciki. Shiga.

Haka suka sauka dutsen, tafiyar da mai ƙafa zai iya wuce su. Jini yana cika wa dattijon idon da ya rage, sai ya kama hannun Halliru ya ɗora a kan rawanin, ya danna. Halliru ya yi tafiyar nan duka hannunsa ɗaya yana toshe raunin da ya yi, ɗayan yana riƙe da kan kawunsa, yana kiran sunansa don kada ya yi barci.

Sun isa asibitin wani ƙaramin gari Kawu yana numfashi. Aka karɓe shi da gudu.

A ƙofar asibitin Halliru ya durƙusa gaban dattijon. Ba shi da yaren da zai ba da haƙuri, sai kuka. Dattijon ya ɗago shi tsaye, ya dube shi da ido ɗaya, ya ɗauke shi da mari guda, wanda sai da kunnensa ya yi ƙara. Sannan ya juya ya shiga a ɗinke masa fuska. Halliru bai sake ganinsa ba, ko sunansa bai sani ba.

Kawu Yacouba ya rayu, amma an yanke ƙafar daga gwiwa.

Sai da sanyi ya wuce suka koma Dubai. Ɗakin Kawu a Al Ras yana can saman wani tsohon bene marar lifta. Halliru ya bar aikin sahara. Kullum da safe shi yake goyo shi ya sauko da shi shago, da yamma ya goya shi ya hau.

Wata rana suna tsakiyar matakala, zafi ya dawo, Halliru yana haki gumi yana zuba, sai ya tsaya.

"Kawu, ka yafe mini?"

"Na yafe tun a asibiti. Hau mu je."

"Ka faɗi wani abu mana. Ko zagina ka yi."

Kawu ya gyara riƙon da ya yi wa wuyansa.

"Mi zan ce? Lokacin da nike da ƙafa biyu, ba ka taɓa jin maganata ba. Yanzu kai ne ƙafar, inda na ce nan za ka. Hau."

Halliru ya hau.

Darasi: Ba duk wanda ya tare maka hanya ne maƙiyinka ba, wani ramin da ba ka gani ba ya gani. Ƙwarewarka a garinku ba ta sa ka zama malami a garin wasu, in ka je inda ba ka sani ba, sai ka bi na gaba. Kuma ka ji tsoron zuciya, domin sau da yawa ba mai ita take cinyewa ba, na kusa da shi ne yake biya. Ka tura wa wani mai saurin hannu da ka sani, wataƙila ya karanta kafin ranarsa ta zo.