Tsintsiyar Mode Makanike

Akwai wani makanike a unguwar Ƙofar Kware cikin birnin Sakkwato, sunansa Mode. Garejinsa gindin wani dogonyaro ne. Kayan aikinsa kuwa akwatin ƙarfe ɗaya, da tsohuwar tabarma, da wata guntuwar tsintsiya. Bai yi boko ba. Amma da sifanar hannunsa ya riƙe karatun ƙanensa Jibrin, har Jibrin ya zama babban akawu a wata ma'aikata.

Mahaifiyarsu Iyatu tana zaune a gidan Mode. Ciwon gwiwa ya taɓa ta sosai. Tana da yayarta ɗaya tilo da ta rage mata a duniya, Kande, wadda ke wani ƙauye can bayan Dundaye, a tsallaken fadama. Babu abin da ke bin hanyar sai jakuna da babbar motar kasuwa, ita kuma Iyatu ba ta iya hawa ko ɗaya. Shekara uku ke nan rabon da su ga juna.

Lokacin mulkin soja ne, kuɗin fetur sun shigo ƙasa. Ma'aikata sun karɓi kuɗin Udoji, wato ƙarin albashi da ariyas, kowa yana sayen rediyo da babur da mota. Jibrin ya adana nasa. Ran nan ya zo gaishe da Iyatu, ya durƙusa ya ce, “Inna, jif zan saya, irin mai shiga laka. Da kaina zan kai ki wurin Inna Kande.”

Iyatu ta daɗe tana sa masa albarka.

Sabuwa ya so saya. Sai aka ce masa sababbin suna maƙale a tashar jiragen ruwa ta Ikko, wanda ya rubuta sunansa yau sai ya jira wata takwas ko fiye. Ga damina ta kusa. Dole ya koma ga na hannu.

Wani dillali mai suna Sodangi yana da guda biyu. Ɗaya ja ce, fentinta yana ɗaukar ido, kujerunta an yi musu sabuwar riga. Ɗayar kuma ruwan ƙasa ce, fentin ya koɗe, ga lotsawa a ƙofar baya. Tun ranar da Jibrin ya ga jar ya gama yanke shawara. Iyatu ce ta matsa masa ya tafi da yayansa.

Suka isa bayan azahar. Jibrin yana cikin farar shadda. Mode yana cikin rigar aiki mai baƙin mai, da tabarma a hammata, da tsintsiya a hannu.

Sodangi ya dube shi ya yi dariya, ya juya ga Jibrin. “Ranka ya daɗe, mota kaka saye ko mai shara kaka nema wa aiki?”

Mutanen da ke zaune a benci suka kwashe da dariya. Jibrin ya ji kamar ya nutse. Ya matso ya yi ƙasa da murya, “Yaya, don Allah aje tsintsiyar nan. Nan ba gindin dogonyaro ba na.”

Mode ya zaɓi wuri mai laushin yashi, ya share shi fes, faɗin mota biyu. Ya sa aka tada kowace mota, aka zagaya unguwa da ita har inji ya yi zafi, sannan aka ajiye su a kan wurin da ya share.

“Sai mi kuma?” in ji Sodangi.

“Sai mu jira la'asar.”

“La'asar? Malam, ina da wani Alhaji da ke tahe da kuɗinai a aljihu!”

“In ya zo ka ba shi wurin zama,” in ji Mode. Ya shimfiɗa tabarmarsa a inuwa.

Jibrin ya yi ta kai da komo yana duba agogo. Sau biyu yana cewa su tafi kawai, ya riga ya zaɓa. Mode yana zaune yana jan carbi.

Da aka sauko daga sallah, Mode ya sa aka tura motocin baya. Kowa ya taso ya leƙa. A gurbin mai ruwan ƙasa akwai ɗigon mai guda uku, baƙi biyu, ɗaya mai kauri kamar zuma. A gurbin jar kuwa babu ko ɗigo. Yashin yana nan yadda tsintsiya ta bar shi.

Sodangi ya tafa hannu. “Alhamdu lillahi! Tsintsiyarka da kanta ta yi mini shaida. Ranka ya daɗe, ga makulli.”

Jibrin ya yi murmushi a karon farko, ya miƙa hannu.

Mode ya ce, “Dakata. Mai ɗigon za mu saye.”



Ya tsuguna ya nuna ɗigon da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. “Wanga na inji na. Wanga na giya. Wanga mai kauri na aksul ɗin gaba na, ƙarfen da ke riƙe da tayoyin gaba. Duk roba ta ta gaji, aikin yini biyu. Amma ɗigon ya gaya mini akwai mai a ciki, kuma ba a ɓoye mini komi ba.”

Sannan ya juya ga jar. “Mota ta shekara biyar tana bin hanyoyinmu, a ce ko ɗigo babu? Ni ban taɓa gani ba. Sansana nan, Jibrin.”

Jibrin bai sunkuya ba. Amma ko daga tsaye ana jin warin kananzir. An wanke cikin motar da shi a safiyar ranar.

Mode ya ja tabarmarsa ya shige ƙarƙashin jar, ƙafafunsa kaɗai ake gani. Aka ji sifana tana ƙara. Can ya fito ya nuna yatsansa a bushe.

“Aksul ɗin gaba babu mai ko kaɗan, ya riga ya mutu. Kuma an cire farfelar gaba, wato ƙarfen da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin gaba. A kwalta za ta yi gudu kamar kowace mota. Amma tayoyi biyu ɗai ke ja. Ranar da ta taka laka, nan za ta kwana.”

Sodangi ya fara rantsuwa. Ya ce shi haka aka kawo masa, kuma ma wa ke shiga laka da mota mai kyau irin wannan?

Jibrin ya ja yayansa gefe, idonsa ya yi ja. “Yaya, ka san ko ni wane ne a ofis? In shiga da waccan akwalar? Masinja ma sai shi yi mini dariya. A gyara jar mana!”

“Kayan gyaranta na cikin jirgin ruwa, tare da sabuwar da ka kasa jira.” Mode ya naɗe tabarmarsa a hankali. “Motarka ta, kuɗinka na. Sayi wadda ranka ke so. Amma Inna ba ta shiga jar nan ina da rai.”

Daga ƙarshe Jibrin ya sayi mai ruwan ƙasa, ba don ya yarda ba, sai don ba shi da abin da zai je ya gaya wa Iyatu.

Mode ya yi kwana huɗu a kanta. Ya canza robobin, ya zuba sabon mai, ya kai ta wurin mai walda aka liƙa ɗan matakin ƙarfe a ƙofar baya saboda gwiwar Iyatu.

Abin da Jibrin ya ji tsoro kuwa ya faru. Abokin aikinsa Bawa ya je ya sayi jar. Jibrin ya gaya masa abin da aka gani a ƙarƙashinta, Bawa ya ce, “Yayan naka makaniken gindin itace? Bar ni da shi.” Kullum da safe sai Bawa ya ajiye jar a bakin ofis, ya leƙo ta taga ya ce, “Ina motar gandun daji? Yau ba a ɗauko itace ba?”

Jibrin ya koma ajiye tasa a bayan gini. Ya daina biyawa ta garejin Mode. In Iyatu ta tambayi tafiya, sai ya ce aiki ya yi yawa, a bari a samu hutu. Haka wata biyu suka wuce.

Wata Asabar cikin Agusta, bayan ruwan kwana biyu, wani mutum ya iso daga ƙauye da hantsi, laka har gwiwarsa. Ya ce Kande tana kwance kwana shida, ta daina cin abinci, ba ta kiran sunan kowa sai Iyatu.

Iyatu ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki mayafinta ta ce, “A kira mini Jibrin.”

Da Jibrin ya kawo motar, ta taka ɗan matakin nan ta shiga ba tare da an ɗaga ta ba. Mode ya karɓi tuƙi, Jibrin yana gefensa. Suka wuce Dundaye, kwalta ta ƙare, hanya ta zama siririyar gaɓa tsakanin gonakin shinkafa, ruwa dama da hagu.

A daidai inda hanyar ta fi ƙunci suka tarar da jar mota ta kafe. Tayoyin baya sun haƙa rami har cikinta ya zauna a laka. Na gaba kuwa suna tsaye, ko motsi. Bawa ne. Ya sayi gona a fadamar, kamar yadda ma'aikata da yawa suka yi a shekarar da gwamnati ta ce kowa ya koma noma. Tun safe yake wurin, manoma shida sun tura sun gaji.

Babu ta inda za a raɓa a wuce.

Jibrin ya buɗe baki zai yi magana. Wata biyu yana tanadin abin da zai gaya wa Bawa. Sai ya ji muryar Iyatu daga baya, a hankali, “Mode, za mu iske ta kuwa?”

Ya rufe bakinsa.

Mode ya ce, “Da yardar Allah, Inna. Jibrin, akwai sarƙa ƙarƙashin kujera. Ni zan ja da baya. Sai wani ya shiga ƙarƙashin jar ya ɗaura ta a jikin ƙarfen gindi. In aka ɗaura a bamba, cirewa za ta yi.”

Jibrin ya dubi farar rigarsa, ya dubi lakar. Ya tuɓe hula da agogo ya ajiye a kujera, ya sauka. Ya kwanta rigingine a cikin taɓo ya shige, ƙafafunsa kaɗai ake gani.

“Yaya, wane ƙarfen?”

“Mai kauri, na hannun damanka. Zagaya sau biyu.”

Da Jibrin ya fito, Mode ya ja ƙaramar giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja tare. Motar ta yi gurnani, sarƙa ta miƙe. Tayoyin suka kama ƙasa a hankali, ba gaggawa. Jar ta yi wani irin tsotso ta fito, aka ja ta baya har wurin da hanya ta buɗe. Manoman suka ɗauki kabbara.

Bawa ya zo bakin taga yana share fuska. “Malam Mode, ban san da wane baki...”

“Kawo ta gareji ran Litinin, mu ga abin da za a iya,” in ji Mode. “Yanzu muna sauri.”

Suka shiga ramin da jar ta haƙa. Laka ta fantsama har gilashi. Motar ta karkata, ta daidaita, ta haye.

Sun isa ƙauyen ana kiran azahar. Kande tana kwance a kan gadon kara, idonta a rufe. Iyatu ta zauna a bakin gadon ta kama hannunta ta ce, “Yaya, ni ta.”

Kande ta buɗe ido. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, “Iyatu, kin tsufa.”

“Ke kuma kin zama yarinya ko?”

Suka yi dariya, suna hawaye. A ranar Kande ta sha kunu daga hannun ƙanwarta. Ta ƙara kwana tara a duniya, kuma duk taran Iyatu tana gefenta. A kan cinyarta ta cika.

A wancan yinin na farko, Jibrin ya fito ya tarar da Mode a tsugune yana duba ƙarƙashin mota. Ya tsuguna kusa da shi, lakar ta bushe a jikinsa.

“Yaya, da na sayi jar...”

“Ba ka saya ba.”

“Na ji kunyarka a gaban Sodangi. Ka yahe mini.”

Mode ya kakkaɓe masa laka daga kafaɗa. “Ka ɗaura sarƙar daidai. Ba kowane akawu ke iyawa ba.”

Ranar da Jibrin ya koma aiki, a bakin ofis ya ajiye motarsa, da sauran laka a jikinta. Duk wanda ya tambaya sai ya ce, “Yayana Mode ya zaɓa mini ita.” Daga shekarar, ma'aikacin da zai sayi mota ta hannu a ma'aikatar nan sai ya fara biyawa ta Ƙofar Kware. Motar ta yi wa gidan hidima shekara goma sha tara. Kuma har aka rabu da ita, akwai wata guntuwar tsintsiya a ƙarƙashin kujerar direba. Jibrin ne ya roƙe ta a wurin yayansa.

Darasi: Kafin ka sayi abu, ka tuna aikin da ka saye shi domin ya yi, ba abin da mutane za su ce ba. Ƙaramin aibin da aka bar ka ka gani ya fi aminci a kan tsabtar da aka shirya domin idonka. Kuma kada ka ji kunyar mai sana'ar gidanku saboda rigarsa ta yi baƙi, ilimin da ke hannunsa bai gaza na takardarka ba. Ku tura wa duk wanda ke shirin sayen mota, da duk wanda wani yaya ya tsaya masa har ya zama mutum.