Manomin da Ya Mayar da Maganin Feshi

Akwai wani mutum mai gona a fadama, inda ruwan madatsa yake bi ta magudana yana shiga gonaki. Da ya gama dashen shinkafa, sai ya haƙa rami mai zurfi a gefen gonar, ya samo 'ya'yan tarwaɗa ƙanana kamar ɗan yatsa, ya sake su cikin ruwan. Kifayen suka riƙa yawo tsakanin shukar suna cin ƙwari, kashinsu kuwa yana zama taki. Shinkafa ta yi kore shar.

Ana nan, da shinkafar ta kusa ɗaukar ciki, sai tsutsa ta faɗa wa fadamar duka. Ganye ya fara naɗewa yana yin fari. Maƙwabta suka fesa magani, tsutsarsu ta mutu. Wan mutumin, wanda gonarsa take kusa, ya kawo masa ragowar nasa, ya ce, "Ƙanena, ka fesa yau. Kada yaranka su sha yunwa bana."

Mutumin ya karɓa ya yi godiya, gama ya san don ƙauna aka kawo. Amma da ya isa gida, ya zauna ya yi tagumi.

Matarsa ta ce, "Maigida, lafiya?"

Ya ce, "In na fesa, kifin ya mutu. In ban fesa ba, shinkafar ta tafi. Na rasa inda zan sa kaina."

Ta ce, "Ai kifayen ba su suka kawo kansu ba, kai ka sa su a ruwan nan. Muna da hannu. Mu gwada tukuna."

Kashegari ya mayar wa wansa da maganin. Shi da matarsa suka ɗauki doguwar igiya, shi ya riƙe baki ɗaya, ita ɗaya, suna jan ta bisa kan shinkafar. Tsutsotsi suna faɗawa cikin ruwa, kifaye suna cafkewa. Haka suka yi ta yi kowace safiya, har igiya ta cinye musu tafin hannu, matsattsaku suka sha jinin ƙafafunsu. Waɗansu suka yi musu dariya. Duk da haka akwai yankin da ya gagara, ya bushe ƙamas. Ran da mutumin ya tabbatar ba zai tashi ba, ya tsaya a kansa ya share hawaye.

Da girbi ya zo, shinkafarsa ba ta kai ta wansa ba. Amma da aka janye ruwa, sai ga kifaye sun taru a ramin, manya manya, har ya aika a kira wan ya taya shi kamu. Wan ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Ni a gonata ko kwaɗo ba ya kuka." A ranar gidajen biyu suka ci miyar kifi.

Ma'anar misalin nan ke nan, 'yan'uwa. Gonar ita ce gidanka, ita ce kuma ikilisiya. Tsutsar ita ce laifin da yakan shigo, ba a kuwa ce a ƙyale shi ba. Maganin feshin shi ne fushi, da zagi, da kora. Yana aiki da sauri, sau da yawa kuma mai ƙaunarka ne zai miƙo maka shi. Amma akwai ƙanana a ruwan: 'ya'yanmu, da sababbin masu bi, da masu raunin bangaskiya. Maganar da ka watsa wa matarka da zafi, yaron da yake bayan ƙofa ya sha ta.

Igiyar ita ce gyara cikin haƙuri da addu'a. Tana cin hannu, wani abu kuma zai salwanta, kada in ɓoye muku. Amma haka Ubangiji ya yi da mu. Ya ga zunubinmu sarai, bai hallaka mu tare da shi ba. Ya shigo cikin laka tare da mu, hannuwansa ne kuma suka ji ciwo. Kafin ka buɗe baki cikin fushi a makon nan, ka fara duba su wane ne suke sauraro.