Ruwan da Baba Jatau Bai Sha Ba

An yi wani mutum a wani gari. Ba zan faɗi sunan garin ba, don na san halinku, yanzu wani zai ce ai garin kakarsa ne. Sunan bawan Allahn nan Malam Lurwanu. Ma'aikacin jinya ne, amma irin wanda karatunsa ya yi zurfi, har aka yarje masa ya duba mara lafiya da kansa, ya gano ciwo, ya ba da magani. Shi ke riƙe da ɗan asibitin garin, ɗaki uku da rumfa. Babban asibiti kuwa yana can birni, tafiyar rabin yini.

Mutane suna ce masa Likita. Kullum sai ya ce, "Ni fa nas ne." Suka ƙi ji. Har ana cewa shekara ashirin bai taɓa kuskuren ciwo ba, wai idonsa ya fi na'ura. Ku riƙe wannan maganar, don ta nan jarrabawar za ta ɓullo.

Yana da wata ɗabi'a. Akwai randa a bakin ƙofarsa, duk wanda ya shigo sai ya fara miƙa masa ruwa kafin ya tambaye shi komai.

Ran nan da bazara, ranar kasuwa, rumfa ta cika maƙil, sai aka kawo wani dattijo a amalanken shanu daga ƙauye, ana ce masa Baba Jatau. 'Ya'yansa maza duk sun tafi cin rani, don haka mijin 'yarsa, Hambali, shi ya kawo shi. Suruki ke nan. Hambali ya zaunar da shi, ya koma bakin ƙofa ya tsuguna.

Malam Lurwanu ya miƙa ruwa, ya ce, "Sannu Baba. Yaya jikin?"

Dattijo ya ce, "Da sauƙi."

Kai, mu Hausawa! Mutum yana kwance rai a hannun Allah, ka ce yaya jiki, ya ce da sauƙi. Ban hana ba, godiya ce ga Ubangiji. Amma ku saurara.

Malam Lurwanu ya taɓa shi, jiki zafi rau. Ya ɗiga jininsa a abin gwaji, ya nuna zazzaɓin sauro. Ya ce, "Baba, bayan gida fa? Fitsari?"

Dattijo ya saci kallon bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Lafiya lau."

Ga jama'a na jira, ga gwaji ya riga ya nuna. Malam Lurwanu ya ba da maganin zazzaɓi, ya yi masa fatan sauƙi, suka hau amalanke suka tafi.

Sai da ya duba mutum biyu, sannan ya kai hannu zai ɗauraye kofin da ya ba dattijo. Ya ji shi da nauyi. Ruwa yana nan cif, ko kurɓa ba a yi ba. Mutum da zazzaɓi, leɓe duk ya tsage, a wannan zafin, ya ƙi ruwa? Sai abubuwa suka riƙa dawo masa. Ya tuna dattijon ya daɗe yana kallon ruwan kafin ya ajiye. Ya tuna mazagin wandonsa a kwance yake, da hannu yake riƙe da wandon. Ya tuna kallon da ya yi wa bakin ƙofa.

Ya ce, "Innalillahi! Fitsari ne ya tsaya masa, shi ya sa yake tsoron ruwa." Kuma ya san abin da ke biyo baya. Idan aka ƙara kwana, ƙoda za ta taɓu, ciwo ya shiga jini, ga ƙauye da nisa. Dattijon nan gida zai je ya mutu yana cewa da sauƙi.

Ya fito ya jawo kekensa. Ladidi, matar da ke ba da kati, ta sha gabansa tana magana ƙasa-ƙasa. "Haba Malam, dubi rumfa. In bai ji dama ba ai za su dawo. Ka bi su a guje a gaban jama'a, me za a ce?"

Ya ce, "Za a ce na yi kuskure. To ai na yi, Ladidi."

Kada ku ɗauka bai ji ɗaci ba. Ya ji. Yabon shekara ashirin yana da daɗi, ko ni da nake gaya muku ina son yabo. Amma ya taka keke.

Ya cim musu a gindin wata tsamiya bayan gari. Ya ce, "Hambali, ɗan je ka shayar da shanun nan a rijiyar can, ina son mu gaisa da Baba." Da Hambali ya yi nisa, sai ya durƙusa, ya sassauta murya.

"Baba, ni ɗanka ne, kuma ba mai jin mu sai Allah. Yaushe rabonka da fitsari?"

Dattijo ya waiga, ya ga Hambali ya yi nisa. Can sai hawaye. Ya ce, "Yau kwana biyu, ɗan nan. Marata kamar za ta fashe. To ta yaya zan faɗi wannan a gaban mijin 'yata?"

Malam Lurwanu ya ɗora hannu a marar, ya ji ta kumbura, da tauri kamar ƙwarya. Ya ce, "Mu koma, Baba. Da yardar Allah yanzu za ka huta."

Kai na jikin ginshiƙi, bar gyangyaɗin nan, yanzu aka zo wurin.

Suna isowa, jama'ar rumfa suka zubo musu ido. Wani ya ce, "Likita, lafiya aka dawo da shi?" Hambali ma ya zuba ido yana son ji. Amsa mai sauƙi tana nan a bakinsa: dattijon ne ya ɓoye mini. Da ya faɗi haka, da bai yi ƙarya ba, da sunansa ya tsira. Amma da dattijon bai ƙara iya haɗa ido da surukinsa ba.

Malam Lurwanu ya ce, "Ni ne ban gama duba shi ba. Na yi gaggawa."

Wannan ma ba ƙarya ba ce. Bai taɓa cikin ba, bai fitar da surukin ba kafin ya yi tambaya. Gaskiya biyu ce a gabansa, ya zaɓi wadda za ta ci shi, ya bar wadda za ta ci wani.

Ya rufe ƙofa, ya wanke hannu, ya sa masa robar fitsari. Dattijo ya saki wata doguwar ajiyar zuciya, ya ce, "Alhamdulillahi. Yanzu kam da sauƙi." Malam Lurwanu ya yi masa allura, ya ɗaura masa ƙarin ruwa, yana dawowa yana auna jininsa da zafin jikinsa. Kafin la'asar sai ga dattijo yana waige-waige, ya ce, "Ɗan nan, ina kofin nan nawa?" Ya shanye, ya ce a ƙaro.

Washegari Malam Lurwanu ya rubuta musu takarda zuwa babban asibiti. Ya ce, "Na buɗe hanya, amma abin da ya toshe ta aikin likitoci ne. Iyakata ke nan." Aka yi wa dattijo aiki a birni, ya ƙara shekara tara yana noman gyaɗarsa.

A gari kuwa aka yi ta yi da shi. "Ashe shi ma yana kuskure!" Da Ladidi ta kawo masa labari, sai ya yi dariya, ya ce, "Sun sauke mini kaya. Dama ya yi mini nauyi." Daga ranar ya kafa doka, duk wanda ya zo da suruki, surukin ya jira a rumfa. Aka ce sabon iyayi ne, ya ce ya ji. Har Baba Jatau ya koma ga Allah, Hambali bai san abin da aka faɗa a gindin tsamiya ba.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. In ka yi kuskure, kuma ran wani yana rataye a kai, ka taka kekenka ka koma tun rana ba ta faɗi ba. Sunan da zai hana ka komawa, wallahi ba suna ba ne, kaya ne. In kuma za ka wanke kanka da tona asirin wani, gara ka zauna da dattinka, Allah yana rufa asirin mai rufa wa bayinsa.

Ku kuma dattawanmu, kunya ado ce, amma a gaban mai magani ku ajiye ta a bakin ƙofa tare da takalmi. Ba kullum ake dace da mai duba kofi ba.

Yau in kun koma gida, akwai tsoho ko tsohuwa da za ku ce wa yaya jiki, su ce da sauƙi. Kada ku kaɗe riga ku tashi. Ku sallami wanda suke jin nauyi, ku matso kusa, ku sake tambaya. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa mu iya cewa mun yi kuskure tun da sauran lokaci.