Injin da Bai Duba Rijiya Ba

Akwai wani mutum a wani ƙauye mai lambuna, wanda Allah ya ba basirar kwamfuta. Ya ƙirƙiro wani ɗan harshe na ba inji umarni, kalmomi goma sha biyu kacal, domin masu lambu su rubuta wa injin ban ruwa lokacin tashi da na tsayawa. Har tsofaffi suka iya shi. Mutumin kuwa yana ji da harshen nan kamar ɗan fari.

Wata rana 'yarsa, wadda ita ma ta koyi aikin, ta ce, "Baba, a harsunan da wasu suka yi, akwai dabarar da ke sa inji ya duba ko da ruwa a rijiya kafin ya tashi. Mu aro ta mana."

Ya ce, "Zanen aro ba ya rufe katara. Yau mu ari ɗaya, gobe goma, jibi tsofaffi su kasa karanta shi."

Ta ce, "Ai ko wuta a maƙwabta ake ɗebo ta, Baba, amma tuwon naka ne."

Ya ƙi. Tsoronsa ba na banza ba ne, sai dai akwai girman kai a ciki.

Da bazara ta tsananta, rijiyar wata gwauruwa ta ƙafe. Injinta ya tashi a kan lokaci kamar yadda aka umarce shi, ya yi ta ja babu ruwa har ya ƙone. Kafin a gyara, tumatirinta ya bushe, da shi kuwa take ciyar da 'ya'yanta.

Mutumin ya tsaya a bakin lambun, kunya ta rufe shi. Ya ce wa 'yarsa, "Na tsare harshe, na bar lambu." Suka aro dabarar. Daga baya ta kawo wasu bakwai, kowace sai ya tambaya, "Lambun wa za ta ceta?" Biyu suka ɗauka.

Ma'anar misalin ita ce, 'yan'uwa: harshen nan shi ne al'adun ikilisiyarmu, lambun kuwa mutanen da Ubangiji ya danƙa mana. Ba kowane sabon abu ne za mu kwaso ba. Amma sau nawa muka ga maƙwabtanmu sun fi mu iya ziyarar marasa lafiya, muka taɓe baki muka ce, "Mu ba haka muka gada ba"? Wannan yana damuna ƙwarai. Ranar da Mai lambu zai zo, ba zai tambaye mu inda muka samo dabara ba. Labarin gwauruwar zai tambaye mu.