Taɓon Da Tanimu Ya Ƙi Wankewa

Akwai wani direba a Suleja mai suna Tanimu. Ya daɗe yana jan ƙaramar motar haya zuwa Abuja kafin Alhaji Faruk, mai bas-bas na shata, ya yarda ya ba shi makulli. Alhaji ba ya ba da mota da ka. Sai ya ga lasisinka, ya ga wanda zai tsaya maka, sannan ya zauna a gefenka ya ga yadda kake taka burki.

Ranar da ya miƙa masa makullin, doka ɗaya ya kafa masa: "Motata ba ta sauka daga kwalta. Ranar da ta sauka, ka kawo min makullina."

Da wannan makullin Tanimu yake ciyar da iyalinsa, don haka ya riƙe shi da hannu bibbiyu.

Wata Asabar cikin damina, zumuntar mata ta wani coci ta ɗauki shatar motarsa. Za su raka 'yar'uwarsu Lidiya, malamar makaranta, jana'izar mahaifiyarta a wani ƙauye bayan Kwoi. Shugabarsu ita ce Mama Esta, mace mai murya kamar lasifika. Tun da sassafe Tanimu ya duba mai da ruwa da tayoyi, ya ɗaure kulolin abincinsu, suka kama hanya ta Diko da Tafa suna waƙoƙi.

An shirya cewa wata akori-kura za ta tarbe su inda kwalta ta ƙare. Suka iso, babu ita babu dalilinta. Ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin.

Sai wayar Lidiya ta yi ƙara. Yayanta ne. Ya ce ruwa ya fara taruwa a kabari, dattawa sun ce za a rufe akwati yanzu, ba za a jira ba. Lidiya ta durƙushe a bakin hanya tana kuka.

"Tun Kirsimeti ban ga fuskarta ba. Sau ɗaya kawai nake so in gan ta."

Tanimu ya kira Alhaji, waya ba ta shiga. Ya sake kira, shiru. Ya dubi jar hanyar da ta yi caɓa-caɓa, ya dubi matar nan. Shi ma yana kan hanyar Legas aka binne tasa mahaifiyar, kuma har yau abin yana ci masa rai.

"Mama, ku shiga," in ji shi. "Allah Ya kai mu."

A hankali ya bi da su, motar tana zamewa yana tarota. Sun iso an ɗauko murfin akwatin ke nan. Lidiya ta ga mahaifiyarta, ta shafa goshinta, ta yi mata sallama.

Al'ada ce a tafiyar shata fasinjoji su haɗa wa direba na goro. Mama Esta ta kawo masa a ƙulle cikin hankici, ya girgiza kai.

"Mama, da biki ne da na karɓa har in ce a ƙara. Amma ba na karɓar goro a hannun mai hawaye."

A hanyar dawowa, da suka iso Diko, Mama Esta ta hango masu wankin mota. Ta riga ta ji labarin dokar Alhaji, ga motar kuwa ta yi ja har tagogi.

"Malam Tanimu, abeg tsaya a wanke ta. Mu za mu biya. Wa zai gaya masa?"

"Motarsa ce, Mama. Gara ya gani da idonsa."

Haka ya kai ta da taɓonta, ya faɗi duk abin da ya faru. Alhaji ya zagaya motar, bai ɗaga murya ba. Hannu kawai ya miƙa, Tanimu ya sa masa makulli. Ya koma gida, ya rasa ta inda zai fara gaya wa matarsa.

Ranar Litinin da safe aka aiko Alhaji yana nemansa. Yana shan kwana ya tsaya cak. Ashe labarin karɓe makullin ya kai kunnen Mama Esta. Matan zumunta ne cike da ƙofar gidan, cikin anko, da bokitai da soso, sun wanke motar tas har ƙarƙashin tayoyi. Mama Esta kuwa ta sa Alhaji a gaba.

"Alhaji, taɓo dai mun wanke. In akwai abin da ya lalace, a kira makanike a gabanmu. Amma ka sani, duk tafiyar zumuntarmu, biki ko mutuwa, motarka za mu ɗauka in Tanimu ne a sitiyari. In ba shi ba ne, motoci ba su ƙare a Suleja ba."

Alhaji ya yi dariya. "Madam, kin gama? Ni tun da ya wuce masu wanki a Diko ya kawo min ita da taɓonta, na san irin mutumin da na ɗauka. So nake ya ɗan ji a jikinsa, don doka doka ce."

Ya jefa wa Tanimu makullin. Kafin ya gama godiya, Lidiya ta matso da wani ƙaton zakara a hannu, ƙafafunsa a ɗaure.

"Da ransa muka kawo, don ka yanka da hannunka," ta ce. "Dube ni da kyau, Malam, yau babu hawaye. Sai ka karɓa."

Tanimu ya karɓa da hannu biyu. Wannan karon shi ne idonsa ya cika.

Darasi: Ka ji tausayin wanda ke hannunka, ka faɗi gaskiya ga wanda ya ba ka amana, ko da za ta ja maka asara. Mu kuma fasinjoji, kada mu sauka mu kaɗe riga mu manta da wanda ya kai mu lafiya. In ya ƙi goro yau, a nemi ranar da zai karɓa. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman direban da ya taɓa yi muku halacci.